Ta Ƙofar Lambu Baƙon Iri Ke Shigowa: Tarihin Fadamar Bakolori

Duk wanda ya ratsa layin 'yan gwari a kasuwar Talatar Mafara, ya kasa kunne ga sunayen kayan da ake ciniki, zai ji ana ambaton tarihin ƙarnoni da dama ba tare da an lura ba. Albasa da alkama kalmomi ne na Larabci da harshen Hausa ya lanƙwasa, al-basal da al-ƙamh. Masara tana ɗauke da sunan ƙasar Masar, ko da yake asalin shukar daga nahiyar Amurka ne. Tumatir da kabeji da karas da latas sun iso da sunayensu na Ingilishi, dankalin Turawa kuwa sunansa kaɗai ya isa shaida. Dukkansu baƙi ne a wani zamani. A yau babu uwargidan da za ta ɗora tukunyar miya ta ɗauki albasa ko tumatir a matsayin baƙo.

Abin da ya haɗa waɗannan shuke-shuke shi ne hanyar da suka bi suka zama 'yan gida. Babu wanda ya zauna da ƙarfin doka. Kowannensu ya fara ne a ɗan ƙaramin fili, a bakin gulbi ko a bayan ɗaki, inda wani ya gwada shi da hannunsa, maƙwabci ya gani ya roƙi iri. Fadamar Gulbin Sakkwato da ta shimfiɗu tsakanin Maradun da Talatar Mafara da Bakura ta daɗe tana wannan aiki. A nan ne kuma, tsakanin 1974 da 1983, gwamnatin Nijeriya da wani kamfanin Italiya suka gwada wata hanya dabam: a share dubban hektoci a lokaci guda, a tsara wa manomi abin da zai shuka da ranar da zai shuka shi. Gwajin ya kai ga zubar da jinin ɗaruruwan manoma. Yanzu da ake sake zuba kuɗi a noman rani, ana kuma sake yi wa manoma alkawarin sababbin iri, tarihin ya cancanci waiwaye.

Fadama kafin a datse gulbi

Gulbin Sakkwato ya taso ne daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau, ya ratsa ƙasar Maradun da Mafara da Bakura, sannan ya je ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Damina a yankin ta wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ba ta da tabbas. Amma gulbin yana kawo ruwan da ya sauka a wurare masu nisa. Idan damina ta yi tsakiya sai ya tumbatsa, ya malale fadama, ya kwanta makonni, sannan ya janye a hankali. Yakan bar abu biyu a bayansa: sabuwar laka mai taki, da ruwa a ƙarƙashin ƙasa wanda haƙa kaɗan ke isa gare shi har tsakiyar rani.

An ƙiyasta cewa manoma wajen 50,000 ne ke cin abinci daga wannan fadama kafin a datse gulbin. Magidanci yakan kasa ƙarfinsa gida uku. Gonar tudu ta gero da dawa da wake ce, ita ke cika rumbu. Fadama da damina ta shinkafa ce. Idan ruwa ya janye kuma sai lambu: albasa, tafarnuwa, tumatir, barkono, dankali. Idan fari ya kashe gero, shinkafa tana nan. Idan ambaliya ta cinye shinkafa, albasar rani za ta biya haraji ta sayo hatsi.

Da jigo ake ban-ruwa a lambun. Doguwar sanda ce a ɗora kan gwafa, a ɗaura curin laka ko dutse a gindinta, a rataya guga a bakinta; mutum ya ja ƙasa ya ɗebo ruwa, nauyin curin ya ɗaga masa, ya juye a magudana, ruwa ya bi fangali-fangali. Aiki ne mai cin kafaɗa, kuma filin da mutum ɗaya zai iya shayarwa da shi bai taka kara ya karya ba. Wannan ƙanƙantar ita ta mayar da lambu wurin gwaji. Wanda ɗan cirani ko alhaji ya kawo wa sabon iri a ƙulle a bakin rawani zai ware masa fangali ɗaya cikin talatin. Idan ya yi, baɗi ya ƙara. Idan bai yi ba, ya yi asarar fangali ɗaya, iyalinsa ba za su kwana da yunwa saboda haka ba.

A cikin gida ma akwai ƙanen wannan lambu, wanda galibi a hannun mata yake: zogale a kusurwa, rama da yakuwa da kuɓewa a inda ruwan wanke-wanke ke malala, kabewa ta hau danga. A nan ake yanke hukunci na biyu, wato ko sabon abu zai shiga tukunya. Baƙon iri sai ya tsallake shinge uku kafin ya zauna. Sai ya jure iskar wurin da kalandar nomansa, sai masu girki sun san abin da za su yi da shi, sai kuma an sami mai saye ranar kasuwa.

Alkama ta daɗe da tsallake waɗannan shingaye, amma a kan ƙaramin ma'auni. Matafiyan Turawa na ƙarni na 19, irin su Clapperton da Barth, sun ambaci alkama da albasa da ake nomawa da ban-ruwa a ƙasar Hausa. Amfanin lambu ce, ana shuka ta da sanyin hunturu, ana yin alkaki da finkaso da taliya da ita, abincin biki da na masu hali. Manomin fadama ya san ta, ya kuma san iyakarta.

Daga rahoton 1969 zuwa kwangilar 1974

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoton binciken da ta yi a kwarin Sakkwato da Rima. Ta ba da shawarar a gina matsakaiciyar madatsa a Bakolori, a bi aikin mataki-mataki, kada a birkita tsarin noman da aka tarar, domin babu ƙwarewar tafiyar da manyan ayyukan ban-ruwa a yankin. Cikin shekara biyar aka yi watsi da wannan taka-tsantsan. Farin 1972 zuwa 1974 ya firgita mahukunta, tashin farashin man fetur a ƙarshen 1973 ya cika baitulmali, gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon kuma tana neman aikin da za a nuna. A 1973 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima.

Tun a 1972 aka ba kamfanonin Impresit da Nuovo Castoro, dukkansu rassan kamfanin Fiat na Italiya, aikin nazarin ko shirin zai yiwu. Kafin su gama nazarin, ƙaramin shirin FAO ya rikiɗe ya zama ƙatuwar madatsa ɗaya da filin ban-ruwa na hekta 30,000 da za a noma da injuna. Impresit ɗin ne kuma aka ba kwangilar gini. Tamkar a ce wa tela ya faɗi yawan yadin da rigar za ta ci, alhali a shagonsa za a sayi yadin. Manoman da za a yi aikin a gonakinsu ba a nemi shawararsu ba.

An fara gini a 1974, aka gama madatsar a 1978. Tsawonta kilomita 5.5, tsayin ɓangaren kankarenta mita 48. Tafkin da ta tara yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya mamaye hekta 8,000, ya miƙa kilomita 19 zuwa sama ta ɓangaren Maradun. Mutane wajen 13,000 ruwan ya tasa daga gidajensu da gonakinsu, aka mayar da su tudu, nesa da fadamar da suka gada. Magudanai da bututai ba su kammala ba sai 1983, kuma hekta 23,000 suka kai: 8,000 da ruwan da ke gangarowa da kansa ta magudana, 15,000 da bututan yayyafa ruwa, waɗanda sai da famfuna da wuta suke aiki. Idan aka raba kuɗin da aka kashe a kan kowace hekta, Bakolori na cikin ayyukan ban-ruwa mafiya tsada da aka yi a duniya a wancan zamani.

Abin da lambunan Italiya suka sani

Abin lura shi ne ƙasar da injiniyoyin suka fito tana da nata tarihin baƙon iri, kuma irin na fadamar Mafara ne. Misali mafi kusa shi ne wani kayan lambu da Larabawa ke kira harshuf, wanda Hausawan da suka yi karatu a Masar ko suka zauna a Magrib suka sani a kasuwa. Dangin latas ne, amma ya fi kama da ƙaya: ganyensa dogaye ne masu tsage-tsage, tsayinsa ya kai mita guda, faɗinsa ma haka. Abin da ake ci shi ne ƙunshin furen tun bai buɗe ba, dunƙule kamar hannu, lulluɓe da ɓawo a jere a jere. Ana dafa shi a ci tsokar gindin ɓawon da kuma zuciyarsa.

Asalinsa wata ƙayar daji ce ta gaɓar Bahar Rum, wadda masu lambu suka yi ta zaɓen mai taushi a cikinta tsara bayan tsara. Ana danganta kyautatuwarsa a tsakiyar zamani da manoman Magrib da Andalus, kuma sunansa ya nuna haka: karchofo na Italiyanci da atichok na Ingilishi duk daga al-harshuf suka samo asali, kamar yadda albasa ta samo daga al-basal. An rubuta cewa a 1466 wani attajiri mai suna Filippo Strozzi ya kai shi Fulorens daga Napoli. Daga lambunan masu hali ya bazu zuwa na talakawa, har Italiya ta zama cikin ƙasashen da suka fi nomansa a duniya, tare da Masar da Sifaniya. Da Italiyawa 'yan cirani suka je Amurka sai suka tafi da shi, suka yi ta gwada shi a gaɓar Kalifoniya mai hazo da sanyi, har a farkon shekarun 1920 ya sami mazauni a garin Castroville. Kusan duk harshuf ɗin da ake nomawa don sayarwa a Amurka daga wannan jiha yake fitowa.

Tumatir ya fi shi jinkiri. Masanin tsirrai Mattioli ya bayyana shi a Italiya a 1544, amma sai a shekarun 1690 aka buga littafin girki a Napoli mai ɗauke da yadda ake miya da shi. Kusan shekara 150 ke nan yana zaune a lambu ana kallonsa ana ɗanɗana shi. Ƙasar da tumatir ya yi wannan dogon jira a cikinta ita ce ta turo masu tsarin da ya ɗauka cewa manomin Bakura zai sauya abincinsa da kalandarsa cikin shekara biyu ko uku.

Alkama da dawa a fili ɗaya

Burin shirin shi ne noma sau biyu a shekara, alkama kuma ita ce uwa a noman rani. Dalilin a birane yake. A shekarun arzikin mai burodi ya zama abincin ma'aikata, kuma kusan duk alkamar da ake niƙawa daga waje take zuwa, musamman Amurka. Gunilla Andrae da Björn Beckman, 'yan ƙasar Suwidin, na biyun yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a lokacin, sun yi nazarin wannan a littafinsu na 1985 mai suna The Wheat Trap, wato tarkon alkama. Sun nuna cewa manyan madatsun Arewa, Bakolori da na Kogin Kano da na Kudancin Chadi, an jingina su ne a kan fatan maye gurbin alkamar waje, kuma alkamar da suka samar ba ta kai ko kusa da abin da aka yi alkawari ba.

Matsalar farko ta kalanda ce. Alkama tana son sanyi, don haka dole a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ta yi ido kafin zafin Maris. Dawar gargajiya kuwa a daidai wannan lokaci take nuna a gona. Wanda zai shuka alkama a kan kari sai ya haƙura da dawa, wato ya haƙura da tuwon gidansa da karan da yake danga da abincin dabbobinsa, ya dogara ga tarakta da taki da ruwan da hukuma za ta kawo, ko ta makara. Wanda ya jira dawarsa kuma alkamarsa za ta faɗa cikin zafi ta yi ƙanƙamo. Abin da a da yake fangali kaɗan a gefen lambu, yanzu an nemi ya zama gona sukutum.

Matsala ta biyu ta fi zafi. Kafin a shimfiɗa magudanai sai an baje ƙasa. Manyan motoci suka kankare saman ƙasa mai taki, suka tumɓuke ɗorawa da kuka da kaɗanya, suka shafe iyakokin gonaki da kowa ya sani tun kakanni. Manoma da yawa an hana su noma damina biyu ko uku ana jiran ɗan kwangila ya gama. Da aka zo mayar da gonaki, wasu suka sami abin da bai kai nasu ba, wasu aka ba su a wani wuri, wasu ba su sami kome ba. Doka ma ba ta tare da su: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, kamar dokar Arewa ta 1962 da ta gabace ta, ta ɗauki ƙasa a matsayin amana a hannun hukuma, diyya kuwa ta amfanin gona ce da itatuwa da gine-gine. Ita ma wannan diyyar ta yi ta jinkiri, ga ƙorafin cewa ana karkatar da ita.

28 ga Afrilu, 1980

Da mulkin farar hula ya dawo a Oktoban 1979, manoma suka sa rai za a saurare su. Shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Shagari, ɗan jihar Sakkwato ne, kuma yankin a lokacin cikin jihar yake. A watan Nuwamba masu zanga-zanga suka fuskanci Gwamna Shehu Kangiwa, ya yi alkawarin duba kokensu. Da alkawari bai cika ba, sai suka datse hanyoyin shiga wuraren aiki, suka tsayar da ɗan kwangila. Makamin da ke hannunsu ke nan, domin kowace ranar da aiki ya tsaya asara ce ga gwamnati.

A ranar 28 ga Afrilu, 1980, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga yankin da yawa, suka buɗe wuta a kan manoma, aka ƙona gidaje. Birnin Tudu, a ƙasar Bakura, shi ne garin da sunansa ya fi haɗuwa da wannan rana. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba. Masu binciken da suka bi diddigi sun ce sun haura 380. Aikin ya ci gaba. Sai dai bayan haka hukumar ba ta sake samun ikon tilasta wa manoma abin da za su shuka yadda masu tsarin suka zana a takarda ba.

Waɗanda ke ƙasa da madatsa

Akwai wasu da ba su shiga lissafin diyya ba ko kaɗan, su ne mazauna fadamar da ke ƙasa da madatsar, har zuwa kusa da Sakkwato. Ba a karɓe musu gona ba, an dai karɓe musu ambaliya. Tafkin ya ɗauki shekara uku yana cika, kuma bayan ya cika ruwan da ake saki ba ya bin lokacin da manomi yake bukata. Ambaliya ta ragu a zurfi da faɗi da daɗewa. Shinkafa ta rasa ruwan da za ta kwanta a ciki, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, jigo ya daina kai wa gare shi a wurare da yawa, masunta ma kamunsu ya ragu.

William Adams, masanin labarin ƙasa daga Jami'ar Kambirij, yana cikin waɗanda suka bi ƙauyukan nan suka auna asarar. Alƙaluman da aka fi ambata sun nuna cewa cikin hekta 19,000 na fadamar ƙasa, an rasa noman shinkafa a hekta 7,000 da noman rani a hekta 5,000. Gero da dawa suka maye gurbin wani ɓangare, amma darajarsu ba ta kai ba, kuma mutane wajen 12,000 suka bar yankin. Wato an kashe lambunan da suke aiki da kuɗin masu su, domin a gina waɗanda sai da kuɗin gwamnati za su yi aiki.

Abin da ya rayu

Bututan yayyafa ruwa, waɗanda su ne kashi biyu cikin uku na shirin, su suka fara mutuwa. Famfo yana bukatar wuta da kayan gyara daga waje, kuma da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980 kuɗin kula da su ya ƙafe. Zuwa 2003 ba sa aiki, hekta wajen 7,500 kawai ake nomawa, duka a ɓangaren magudanai, kuma mafi yawa shinkafa ce, amfanin da manoman fadama suka sani tun kafin a aza tubalin farko. Alkama ta ɗan farfaɗo lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da ita a 1987, ta sake ja da baya da aka ɗage haramcin a 1992.

Sauyin da ya yi tasiri na gaskiya a noman rani na Arewa ya zo ne da ƙaramin abu: injin ban-ruwa mai shan fetur wanda mutum zai ɗora a bayan babur, da 'yar rijiyar bututu da ake hudawa a fadama cikin yini guda. Hukumomin raya aikin gona na jihohi suka fara yaɗa su a shekarun 1980, Shirin Fadama na Ƙasa da Bankin Duniya ya amince da shi a 1992 ya faɗaɗa su. Shi ma daga waje ya zo, shi ma da bashi aka kawo shi. Bambancinsa shi ne ya bi hanyar albasa da tumatir. Manomi ya ga injin a lambun maƙwabcinsa, gani ya kori ji, ya sayi nasa ko ya yi haya, shi ke kunnawa shi ke kashewa, shi ke zaɓen abin da zai shuka. Injin ya maye gurbin jigo ba tare da ya karɓe lambun daga hannun mai shi ba. Da aka cire tallafin mai a 2023 farashin fetur ya yi tashin gwauron zabi, masu lambu da dama suka koma mayar da injinansu masu aiki da iskar gas, masu hali suka sayi na hasken rana, ba tare da sun jira umarnin kowa ba.

Wannan hanyar ma ta zo da nata ciwon. Da lambu ya faɗaɗa sai ya cinye burtali da mashaya, ya rufe ciyawar fadama da makiyaya suka dogara da ita da rani. Shi ya sa zango na biyu na Shirin Fadama ya sanya makiyaya da masunta cikin masu ruwa da tsaki. A Zamfara, inda rikicin manoma da makiyaya ya rikiɗe ya zama ta'addancin 'yan bindiga, wannan ba ƙaramin darasi ba ne. A watan Agustan 2021 'yan bindiga suka kai hari Kwalejin Aikin Gona da Kimiyyar Dabbobi ta Bakura suka sace ɗalibai da ma'aikata. Manoma da yawa a ƙasar Maradun sun bar gonakinsu na nesa, lambun bakin gari da na cikin gida suka koma abin dogaro.

A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 500 don shirin TRIMING na gyara manyan ayyukan ban-ruwa a Arewa, Bakolori na cikin na gaba. Biyu daga cikin ginshiƙansa amsa kuskuren baya ne: a mayar da wani ɓangare na filin bututai zuwa magudanai, a kuma miƙa kula da ƙananan magudanai ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Kusan abin da rahoton 1969 ya nufa ke nan, bayan shekara 45. Yankin kuwa bai rasa masu faɗa a ji ba. Tun da aka koma mulkin farar hula a 1999, uku daga cikin gwamnonin Zamfara daga waɗannan ƙananan hukumomi uku suka fito: Ahmed Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talatar Mafara, da Bello Matawalle daga Maradun.

Idan wani ya so gwada harshuf a Mafara

Ma'aikacin da ya ɗanɗani harshuf a Alƙahira, ya dawo da 'yan ƙwayoyin iri yana son gwadawa a bayan gidansa a Mafara, zai tarar da shingayen nan uku suna jiransa. Shukar tana son ƙasa mai zurfi da taki da ruwa a kai a kai, tana kuma cin fili. Tana bukatar kwanaki na sanyi sosai, wajen digiri 10, kafin ta fitar da ƙunshin fure, sanyin da hunturun Zamfara ba kasafai yake kai wa gare shi ba. Tana ɗaukar watanni kafin ta ba da amfani, zafin Maris da Afrilu kuma yana sa ƙunshin ya buɗe da wuri ya yi tauri. A Masar da sanyin hunturu ake nomansa a gefen Nilu na arewa, a Nijeriya kuma tudun Jos ya fi kusa da irin iskar da yake so. Ko da ya yi, sai an sami mai dafa shi, sannan a sami mai saye ranar Talata.

Mai yiwuwa ya ƙi. Mai yiwuwa kuma, bayan shekaru, wani ya dace da nau'in da ya jure zafi, kamar yadda kabeji da karas suka dace. Ko wanne ya faru, abin da mai gwajin zai sa a caca fangali ɗaya ne, kuma shi ya zaɓa. Da wannan ma'auni ya kamata a auna duk sabon shirin da aka kawo wa fadama, ko na alkama ne ko na shinkafa ko na wani kamfani mai neman a noma masa: wa ke riƙe da makullin ruwa, me manomi zai rasa idan abin ya ƙi, kuma yana da ikon ya ce a'a? A Bakolori ba a yi waɗannan tambayoyi ba a 1974. Mutanen Birnin Tudu su suka yi su, a kan hanyar da suka datse, shekara shida bayan haka.